Wankin kayan kafireta kafin a sake haɗa ta

Mai 504, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina da mota Peugeot 504 haɗin Kaduna wadda na gada daga mahaifina, kuma ta yi shekara biyu a ajiye da sauran fetur a cikinta. Da aka tayar da ita sai ta ƙi tsayawa a silo, da zarar an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Na kwance kafiretar, wadda samfurin Solex ce, na tarar da wani datti mai launin ƙasa-ƙasa ya daskare a gindin kofin mai kamar ƙaro, yana warin tsohon fenti. Na sayo sababbin gasket da robobi a Sabon Gari, amma ba na so in ɗora su a kan datti. Wani ya ce in jiƙa komai a tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ya kwana, wani kuma ya ce in tafasa ta da sodar da ake yin sabulu da ita. Ina roƙon masana su bayyana mini hanyar da ba za ta lalata ta ba, domin samun irinta mai kyau ya yi wuya yanzu.

Tsohon bakanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka kusanci sodar nan ko kaɗan, domin jikin kafireta haɗin tutiya ne ko alminiyom, kuma soda tana cin su duka biyun. Na taɓa ganin wadda aka tafasa da ita, ta fito baƙa ƙirin, fuskar da gasket yake zama duk ta yi zanzana, ba ta ƙara riƙe mai ba.

Abin da ka gani a kofin ragowar fetur ne da ya bushe, kuma irinsa yana nan a cikin ƙananan hanyoyin da ido ba ya gani, waɗanda su ne suka hana motar silo. Kafin ka kwance sukurun da ke daidaita mai da iska, ka ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa kana ƙirga zagayen da ya yi, ka rubuta adadin, sannan ka fitar da shi. Kada ka matsa masa, saboda bakinsa siriri ne, yana lanƙwasa. Bayan haka ka ware duk abin da yake roba ko filastik, musamman faifan robar famfon totur da fulot, wato abin da ke yawo a saman mai a cikin kofi, domin tina tana kumbura su. Ƙarfe zalla ne kaɗai yake shiga ruwan wanki.

Babban gargaɗina a kan jet ne, wato ɗan ƙarfen nan mai siririn rami da mai yake bi ta ciki. Yaranmu suna da al'adar zare silin waya daga kebur ɗin birkin babur su soka a cikin jet, kuma wannan ɓarna ce. Jet tagulla ne mai laushi, waya kuwa ta fi shi tauri. Lambar da aka buga a jikinsa faɗin ramin take nunawa, wato mai lamba 50 rabin milimita ne kacal, saboda haka ɗan ƙarin da waya za ta yi masa ya isa ya sa mota ta dinga shan mai, tana baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi. Ka jiƙa shi, ka hura masa iska, ka ɗaga shi ga hasken rana, sai ka ga ramin a zagaye tas. Idan ya ƙi buɗewa, ka zura masa sili ɗaya na buroshin goge haƙori.

Malamin kanikanci, Samaru:

Ina goyon bayan Baba a kan soda da waya, sai dai ina ganin tina ba ta zama dole ba. Maganin wanke kafireta na feshi, wanda ake sayarwa a gwangwani da siririn bututu, ya fi ta amfani, domin yana ba mutum damar gwada kowace hanya. Ka sa bututun a bakin rami, ka fesa, ka duba inda ruwan zai fito; idan bai fito ko'ina ba, hanyar tana toshe, ko da kuwa jikin kafiretar yana ƙyalli. Ka fi mai da hankali ga ƙananan ramukan da ke kusa da faifan totur, don ta nan man silo yake fita. Ka sa tabarau, saboda feshin yakan dawo wa mutum a ido, kuma ka yi aikin a fili, nesa da murhu da janareta.

Fulot ma yana bukatar gwaji. Ka girgiza shi kusa da kunnenka, idan ka ji motsin ruwa a ciki to ya huje, sai an canza shi. Allurar da ke tsayar da mai kuma, idan ka ga zobe ya fito a bakinta ta cinye, kuma ita ce take sa kafireta ambaliya.

Tsohon bakanike, Sabon Gari:

Malam ya yi gaskiya, amma dattin shekara biyu feshi kaɗai ba ya narkar da shi, sai an jiƙa na wasu sa'o'i tukuna. Ɗana, idan ka gama, ka kai gangar jikin wurin mai faci ya hura mata iska da injinsa, tun ba a haɗa ta ba, ba tare da fulot a ciki ba. Kada ka goge cikin da tsumma, don zarensa guda yana iya toshe jet ɗin silo. Yanzu kuma lokacin hunturu ne, ƙura tana sauka a kan komai, sai ka zuba kayan a roba mai murfi har zuwa lokacin haɗawa.

Mai 504, Tudun Wada:

Na gode, Baba, na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Na jiƙa kayan ƙarfen tun safe, na bi ramukan da feshi ɗaya bayan ɗaya, kuma jet ɗin silo ne ya toshe gaba ɗaya, sai a karo na uku haske ya ratsa shi. Sai dai da na zuba ɗan man tanki a farar kwalba na ga garin tsatsa ya kwanta a gindinta, saboda haka na fasa haɗa kafiretar yau. Gobe in sha Allahu zan sauke tankin a wanke shi, in canza matatar mai, sannan in dawo da tambaya a kan yadda ake auna tsayin fulot.