Abokan majalisarmu sun ce na canja tun da na shiga jami'a

Ɗalibi daga Funtuwa:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma duk lokacin da na koma gida hutu, abokan da muka tashi tare a majalisar unguwarmu sukan ce girman kai ya kama ni, saboda ba na iya zama da su har dare kamar da. A makaranta kuma na yi sababbin abokai a ɗakin kwana, amma har yanzu ban san wanda zan iya riƙa a matsayin amini ba. Ina neman shawarar manya a kan yadda zan riƙe na gida, in kuma tantance na makaranta.

Malama daga Kano:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A ganina, abin da ke riƙe tsohuwar abota shi ne a gan ka ranar da ake bukatarka. Idan mahaifin ɗayansu ya kwanta asibiti, ka je dubiya. Idan an yi rasuwa, ka zauna a tabarmar gaisuwa tare da su. Idan ɗaurin aure ya zo, ka sa naka a gudummawar anko ko da kuɗin ba su da yawa. Wanda ya gan ka a irin waɗannan wurare ba zai daɗe yana zarginka da girman kai don ka tashi daga hira da wuri ba. Ka kuma kula da yawan sako Turanci a gabansu, domin sau da yawa daga nan zargin yake farawa.

Wani daga Damagaram:
Ɗan'uwa, a nan Nijar muna da fada, inda samari ke haɗuwa a dafa shayi, kuma da yawa suna da shugaba da asusun da ake zubawa don taimakon wanda ya shiga matsala. Ban yarda gaba ɗaya da Malama ba, domin akwai waɗanda kullum za su ga laifinka komai ka yi, tun da hanyarku ta rabu. Irin waɗannan, gaisuwa da mutunci sun wadatar.

Malam daga Sakkwato:
Game da na makaranta, ɗana, kada ka yi gaggawa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yabon mutum ko sun taɓa maƙwabtaka, ko tafiya tare, ko mu'amalar kuɗi. Ɗakin kwana ya riga ya ba ka maƙwabtaka. Ka lura da wanda yake mayar da bashin da ya karɓa ba sai an bi shi ba, da wanda yake tashe ka sallar asuba, da kuma wanda ba ya kai maganar ɗakinku waje lokacin jarrabawa ko bayanta.