Gudummawar da muka tara wa mutanen Sudan: kaya za mu tura ko kuɗi?

Maman Hanifa, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar agaji ya ba mu shawara. Mu matan Islamiyyar unguwarmu mun yi karo-karo saboda mutanen Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, wata runduna mai ɗauke da makamai, a watan Afrilun 2023 muke jin labari a rediyo, amma wanda ya hana mu barci shi ne na yunwar da aka tabbatar a sansanin Zamzam kusa da garin El Fasher na yankin Darfur a 2024, yara suna ƙarewa a hannun iyayensu. Mun tara ɗan abin da ya sawwaƙa, ga kuma zannuwa, hijabai da kayan yara cike da buhuna a ɗakina. To wa za mu ba? Akwai wani da lambar asusunsa ke yawo a WhatsApp, wai zai kai har Darfur, amma hankalina bai kwanta da shi ba. Kuɗin nan na zawarawa ne da masu tuyar awara da ƙosai. Amana ce a wuyana.

Abu Sadik, Bauchi

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Na taɓa aikin sito a wata ƙungiyar agaji a Borno, don haka bari in gaya miki gaskiya: kayan sawar nan ku bar su a gida. Ki duba hanyar da za su bi. Daga Gombe zuwa Maiduguri, Gamboru, a ratsa Kamaru ta Kuseri, a shiga Njamena, a miƙa Abeche, sannan Adre da ke bakin iyakar Chadi da Darfur. Kowace iyaka da kwastan ɗinta, da damina kuma ruwa kan tsayar da manyan motoci a gabashin Chadi. Kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfin kayan. Ko sun isa, sai an sa mutum ya zauna yana warewa, alhali ga layin marasa lafiya.

Abin da ake nema a sansani shi ne ruwa mai tsabta, sinadarin kilorin, ƙarin ruwa ga masu amai da gudawa, tamfol, da abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa. Manyan ƙungiyoyi sari suke yi, wani kayan ma a kasuwannin kusa suke saye, kin ga nairarku ta fi yin auki a hannunsu. Idan kina son gani da idonki, ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da yara masu tamowa a Kafin Madaki da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa a nan jihar Bauchi. Za ki ga ana zagaya wa yaro ɗan ma'auni a damtse, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ya shiga hatsari ke nan. Irin aikin da suke yi wa 'yan gudun hijira a Adre ke nan. Akwai kuma Islamic Relief, wadda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1984, kuma ta daɗe tana aiki a Sudan, ga Red Crescent ta ƙasar. Ku biya ta shafin ƙungiyar na ainihi, ku karɓi rasit. Asusun da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya kuwa, ku rabu da shi.

Ɗan Kumo

Ni fa Hajiya ban ga dalilin tsallake na kusa ba. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya cinye rabin Maiduguri, har yau wasu ba su farfaɗo ba. A nan cikin Gombe akwai 'yan gudun hijirar Borno da Yobe da ke raɓe a kangaye. Malamanmu ma suna cewa a raba zakka a inda aka fitar da ita.

Baba Alhaji, Bajoga

Ɗana na Kumo, maganarka tana kan hanya, sai dai wannan sadaka ce ba zakka ba, kuma ko a zakkar malaman Malikiyya sun yarda a kai wani gari idan na can sun fi tsananin buƙata. Sannan mu mutanen Gombe, Sudan ba baƙuwarmu ba ce. A Burmi, nan ƙasar Funakaye, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka yi gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan. Kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa, ta can suka bi, suka yi noma, suka yi aure, wasu ba su dawo ba. Mutanen ƙasar suka ba su masauki da gonaki. Yau akwai Hausawa da Fulani masu ɗimbin yawa a can, kuma yaƙin nan bai ƙyale su ba. 'Yata, ku tura.

Ummu Aiman, Fantami

Ina cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartoum ta iyakar Masar a 2023. Anti, ƙawayena da suka rage sun ce abin da ya riƙe unguwanninsu shi ne takaya, girkin taron da matasa 'yan sa-kai ke yi a manyan tukwane, kowa ya zo da kwanonsa. Da kuɗin da ake turo musu ta waya suke sayen wake da garin dawa. Ranar da kuɗi bai shigo ba, ba a ɗora tukunya.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa malamarmu duk bayananku. Mun tsayar da cewa kayan sawa za mu kai wa 'yan gudun hijirar da ke nan Gombe, kamar yadda Ɗan Kumo ya nuna, kuɗin kuma su tafi Sudan ta hannun ƙungiya. Malam Abu Sadik, katin bankina zai iya biya a shafinsu kuwa?

Abu Sadik

Ya danganta da bankin, Hajiya. Ki je reshenku ki tambaya ko katinki yana biyan kuɗin waje, da kuma iyakar abin da yake fitarwa a wata. A shafin ƙungiyar ki nemi gidauniyar Sudan ki zaɓa, don kada kuɗin su faɗa asusun gama-gari. In rasit ya shigo, ki buga shi a takarda ki kai Islamiyya kowace mace ta gani.