Muhawara: Shin murɗa wuya da tausa suna raba mutum da ciwon muƙamuƙi?

Malam Sanusi, Jega:
Assalamu alaikum. Na kalli bidiyon da aka turo jiya, inda wani mai kairofiratik, wato magani ta hanyar murɗa gadon baya da gaɓoɓi da hannu, ya murɗa wuyan wata mata har ya yi ƙara, yana cewa tushen ciwon mahaɗar muƙamuƙi shi ne gocewar ƙashin wuya, kuma da zarar an mayar da shi ciwon ya tafi ke nan. Ni dai na ga alamar gaskiya a maganarsa, domin masu ɗori sun daɗe suna mayar da gaɓar da ta goce, kuma ban ga dalilin da zai sa a yarda da aikin hannu a kan kafaɗa a ƙi yarda da shi a kan muƙamuƙi ba.

Hajiya Asabe, ma'aikaciyar gashin ƙashi, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gocewar muƙamuƙi ta gaskiya ita ce mutum ya yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, yawu na zuba, kuma wannan a asibiti ake mayar da ita nan take. Ciwon da ya wuce wata 3 yana damun mutum kuwa, yawancinsa daga tsoka yake. Ka ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji kan ƙashin yana zamewa gaba a kan wani ɗan faifan guringuntsi. Sannan ka dantse haƙora ka taɓa kusurwar kumatu da gefen goshi, za ka ji tsokokin tauna sun kumburo. Su ne suke gajiya ga mai cizon haƙora cikin barci, da mai damuwa, da wanda ba ya rabuwa da goro ko cingam, kuma an fi ganin abin ga mata masu shekara 20 zuwa 40.

Alhaji Umaru, Argungu:
Maganar Hajiya ta dace da abin da na gani a gidana. Uwargida ta daɗe tana kuka da ciwon kunne da ciwon kai da asuba, aka duba kunnen ba a sami kome ba. Abin da ya sassauta mata shi ne gashi da tsumma mai ɗumi, da tausar kumatu a hankali da man kaɗanya, da barin rake da kilishi na wani lokaci. Sai dai ba zan ce ta warke ba, domin idan hidimar biki ta taso ciwon yakan leƙo.

Dakta Nasiru, likitan haƙori:
Kawu Sanusi, kairofiratik ba tsohon ilimi ba ne irin na ɗori. Wani mutum mai suna D. D. Palmer ne ya ƙirƙiro shi a 1895 a jihar Ayowa ta Amurka, bisa ra'ayin cewa gocewar ƙasusuwan gadon baya ce ke haddasa yawancin cututtuka, ra'ayin da bincike bai tabbatar ba. Ƙarar da ake ji kuwa iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an ja yatsa, ba shaidar cewa ƙashi ya koma mazauninsa ba ce. Duk da haka ba zan watsar da aikin hannu ba. A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da jagora kan wannan ciwo idan ya daɗe, inda ta ba da ƙarfi ga tausar ƙullin tsoka, da motsa muƙamuƙi a hankali a hannun ƙwararre, da atisayen miƙe shi, da gyaran zama da tsayuwa, da horon sarrafa tunani da damuwa. Fizgar gaɓa da sauri ta shiga jerin, amma da goyon baya mai rauni.

Malam Sanusi:
To, Dakta, ashe ba a kore ta ba ke nan. Kuma ina so a yi adalci, domin wani abokina ya kashe kuɗi masu yawa a kan robar da ake sawa a haƙora da dare, ba ta tsinana masa kome ba, amma ban ji wanda ya kira wannan yaudara ba.

Dakta Nasiru:
Wannan ƙorafi yana kan hanya, Kawu, domin jagorar da na ambata ita ma ba ta goyi bayan robar a matsayin maganin ciwo mai daɗewa ba, ko da yake tana kare haƙora daga gogewa, kuma ta yi hani mai tsanani ga abin da ba ya gyaruwa, kamar cire faifan mahaɗar. Abin da nake ja da shi shi ne murɗa wuya. Akwai jijiyoyin jini biyu da suke ratsa ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an sami waɗanda jijiyar ta tsage bayan fizga har suka sami shanyewar ɓarin jiki. Abin ba ya yawan faruwa, amma me zai sa a ɗauki wannan kasada alhali tausa da atisaye suna da hujja mafi ƙarfi?

Malama Hadiza, Yauri:
Hajiya Asabe, mu da muke nesa da sashen gashin ƙashi, yaushe ne tausar gida ba ta isa ba?

Hajiya Asabe:
Ƙanwata, ki jera yatsunki uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Idan ba su shiga ba, ko bakin yana maƙalewa, a je a duba. Kumburi da zazzaɓi na iya zama ruɓar haƙori, sarƙewar haƙora bayan rauni na iya zama tetanus, ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi kuwa na iya zama zuciya, kuma duk waɗannan ba a tausa su, ba a kuma kwana da su. Idan likitan haƙori na kusa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Malam Sanusi:
Na karɓi maganar wuya, ba zan miƙa nawa ba. Amma har yanzu ban gamsu cewa wuya ba shi da hannu a ciwon ba, tunda ku da kanku kun sa gyaran zama cikin magani. Hajiya, ki ɗauko mana bidiyon atisayen nan idan kin sami sarari.