Me ya sa ba a haɗa "although" da "but" a jimla ɗaya?

Ɗalibar aji shida:
Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta jarrabawar WAEC, kuma malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan jimla a insha'ina: "Although the rain was heavy, but we went to the farm." Ni kuwa ban ga aibinta ba, tunda a Hausa mukan ce ko da yake an yi ruwa mai ƙarfi, amma mun je gona. Don Allah masana su yi mini bayani.

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Jimlarki ta Hausa daidai take, amma Turanci bai yarda da wannan tsari ba. Da zarar kin fara da "although", sashen farko ya zama mai dogaro, yana jiran sashe na biyu ya tsaya da ƙafarsa ya kammala zancen. Shi kuwa "but" aikinsa haɗa sassa biyu masu matsayi ɗaya, don haka idan kika zuba su tare, jimlar ta rasa sashen da zai ɗauke ta. Ki zaɓi ɗaya: "Although the rain was heavy, we went to the farm," ko kuma "The rain was heavy, but we went to the farm." Dokar nan ta shafi "because" da "so" ma.

Tsohon mai duba takardu:
Malam ya gama magana a kan wannan. A ganina, "however" ta fi cinye wa ɗalibai maki, domin suna ɗaukarta tamkar "but" su sa waƙafi kawai kafinta. Ita tana buƙatar aya ko waƙafi mai ruwa kafinta, sannan waƙafi bayanta: "The rain was heavy; however, we went."

Ɗalibar aji shida:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To, "despite" fa, Malam?

Malamin sakandare:
Ita suna ne ke biyo bayanta, ba cikakken sashe mai aikatau ba, sai ki ce "despite the heavy rain". Kada ki ƙara mata "of", domin wannan na "in spite of" ne.