Sabon gini zai iya raya sassaƙar jirgin ruwa a Benis?

Ɗan Rafindadi: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen zanen gine-gine, an ba mu aikin zana wurin sassaƙa kwale-kwale a birnin Benis na Italiya. Ni da ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Jibiya ba! Kwale-kwalensu, gondola, tsawonsa kusan mita 11, ana haɗa shi da itace kala takwas, guntaye kusan 280, kuma da gangan ake karkata shi gefe ɗaya don mutum ɗaya ya iya tuƙa shi da filafili guda. Yanzu kusan 400 suka rage, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka. Mazauna tsohon garin ma, da suka kai wajen 175,000 a 1951, sun gaza 50,000 tun 2022. Malaminmu ya ce gini mai kyau zai dawo da sana'ar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Baba Magini: Wa alaikumus salam, yaro. Ban san Benis ba, amma na san tubali. Mahaifina da azara da makuba ya ciyar da mu. Katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, daga marina muke samo shi, mu yi laso mu shafe soro, ruwa ba ya ratsawa. Da rini ya ja baya, katsi ya yi wuya, masu kuɗi suka koma bulo da kwano, sai yaran gidanmu suka watse. Wurin aiki ba mu taɓa rasa shi ba, mai ba da aiki muka rasa. Ga hasumiyar Gobarau nan tsaye a Katsina, baƙi na zuwa ɗaukar hoto, amma tambayi wanda ya ɗauki hoton ko zai yarda a ɗaura masa bakan gizo, wato lanƙwasasshen rufin azara da ƙasa, a ɗakinsa. Kafin ka ja layi ɗaya, ka binciko wa zai sayi jirgin.

Maman Hanif: Baba ya yi gaskiya, sai dai kada a raina wuri. Na je Benis, na tsaya ƙetaren ruwa ina kallon tsohon wurin sassaƙa na San Trovaso, wanda ke nan tun ƙarni na 17. Fili ne mai gangara zuwa ruwa, da rumfunan katako, shi ke nan. A garin da masaukin baƙi ke cinye gidaje, masassaƙi ba zai iya biyan hayar bakin ruwa ba. Ƙanena, ka ba su gangara, inuwar busar da katako, da ɗakin kwanan masu koyo. Baƙi su kalla daga nesa, kada su shiga ƙafar ma'aikata.

Bakatsine: A 2024 Yuro 5 suka fara karɓa a wasu ranaku daga masu shiga garin su fita a yini. Mu ma a sa a Ƙofar Soro ranar hawan sallah mana!

Ɗan Rafindadi: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya, na goge ɗakin sayar da tsaraba da na sa a gaba, na mayar da shi wurin gyaran ƙananan jiragen mutanen gari. Baba, in na zo hutu zan biyo ka nuna mini yadda ake kwaɓa laso.

Baba Magini: Ka zo da tsofaffin kaya, yana ɓata riga.