Ƙaramin majigi a jirgin ruwa mai filafilai: wuta, allo da iskar gishiri

Mai_Jigo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema a kan ƙaramin majigi, irin wanda ake riƙewa a hannu ɗaya, don kallon fim da daddare idan an saki anka. Tsawon jirgin mita 10 ne, batiran hidima biyu ne na dalma, 12V, kowanne 100Ah (Ah, wato amfiya-awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), sai faifan sola ɗaya mai wat 150. Daga tebur zuwa bangon gaba a ɗakin zama bai cika mita biyu ba. Wane haske ne zai wadatar? Ta yaya za a ba shi wuta ba tare da an wayi gari batir ya ƙare ba? Kuma da gaske ana iya haska fim a jikin babban filafili kamar yadda ake gani a hotuna, ko hoton zai riƙa rawa idan ruwa na kaɗa jirgin?

Injiniya_Anka:

Wa alaikumus salam Malam. Maganar wuta zan ɗauka.

Batiran dalma 200Ah, abin da za ka ci daga ciki ba tare da ka cuce su ba rabi ne, wato 100Ah. Ƙaramin majigi mai fitilar LED yakan ja tsakanin wat 20 da 60. Mu ɗauki wat 40. Ka raba da 12, ka samu amfiya 3.3. Fim ɗin awa biyu zai ci kusan 7Ah ke nan. Tsohon ƙwan fitilar anka mai wat 10, idan ya kwana a kunne awa 12, 10Ah yake sha. Kenan majigin bai ma kai shi ci ba. Idan ka wayi gari batir ya yi ƙasa, firji za ka tuhuma.

Matsalar a hanyar kai masa wutar take. Ka juya cajarsa ka karanta abin da take fitarwa.

Idan ta USB-C yake karɓa, yawancinsu 15V ko 20V suke nema. Cajar mota mai araha rage wuta kawai ta iya, ba ta iya ɗaga 12V zuwa 20V, shi ya sa za ka ga majigi ya kama ya mutu, ko ya ƙi tashi sam. Ka nemi wadda aka rubuta a jikinta ƙarara cewa tana bayar da 20V daga 12V, mai wat 65 ko fiye. Wayar USB-C ɗin ma da nata: wadda ta haura wat 60 sai mai ɗaukar amfiya 5.

Idan bakin cajar zagayayye ne mai 19V, akwai ƙaramin akwatin da ke ɗaga 12V zuwa 19V, irin na kwamfutar hannu a mota. Kafin ka soka, ka gwada da mita ka tabbatar tsakiyar bakin ce mai alamar +, don juya ta sau ɗaya ya isa ya ƙone allon lantarkin da ke cikin majigin.

Majigin da aka rubuta 12V a jikinsa shi ne tarko. Mutum ya ga 12V sai ya haɗa kai tsaye da batir. Alhali wutar jirgi ba ta tsaya a 12 ba, tana sauka ƙasa da haka idan batir ya gaji, tana kaiwa wajen 14.4 idan inji ko sola na caji. Sai ka sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Inbata ita ce zaɓin ƙarshe. Za ta ɗaga 12V zuwa wutar gida, caja kuma ta sake saukar da ita, ka yi asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a inbatar kaɗai, banda abin da take sha ko ba a haɗa mata komai ba. Mai arahar kuma tana sa ƙugi a sifika.

Soket irin na kunna sigari a mota ba abin dogaro ba ne a ruwa, yana saki da girgiza, yana tsatsa, sannan ya yi zafi. Gara ka ja layi daga allon fiyus. Idan nisan ya kai mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ke nan: waya mai kaurin 1.5mm² za ta zubar da kusan 0.6V a amfiya 5, mai 2.5mm² kuwa kusan 0.35V. Ɗauki ta biyun, jan ƙarfe mai rufin kuza, da fiyus na amfiya 7.5 ko 10 a kusa da tushen wutar.

Ummu_Kamfas:

Injiniya ya gama da wuta. Game da rawar hoto, Malam Mai_Jigo, kwantar da hankalinka. Muddin majigin da allon duka a ɗaure suke da jikin jirgi, tare suke karkata, tare suke dawowa, hoton ba ya motsi a kan allo. Yana rawa ne idan ɗaya ya kafu ɗaya na lilo, misali majigi a kan matashi, ko allo a rataye da igiya ta sama kawai. A ƙasan kusan kowane majigi akwai rami mai zare irin na ƙafar kyamara, kwata na inci. Ka sayi matsi mai ƙwallon juyawa da ya dace da ramin, ka damƙe shi a bakin tebur ko a ƙarfen riƙo na rufin ɗaki. Ƙafa uku ba ta zama a jirgi, kwale-kwale mai inji ɗaya ya wuce ya turo igiyar ruwa, sai dai ka tsinci majigin a ƙasa.

Abin da zai dame ka shi ne wayon na'urar kanta. Sababbin suna gyara kaifin hoto da kusurwoyinsa da kansu duk lokacin da suka ji an motsa su. A jirgi kuwa kullum ana motsa su. Ana tsakiyar fim sai hoto ya dushe, wani zane ya fito, ya sake daidaitawa, bayan minti biyu ya maimaita. Kafin ka saya ka tabbatar ana iya kashe waɗannan biyun a saiti. Wanda ba a iya kashewa, bar musu kayansu.

Girman hoto lissafi ne. A takardar majigi za ka ga lamba kamar 1.2:1. Ka raba nisan da ke tsakanin idonsa da bango da wannan lambar, ka samu faɗin hoto. Nisan mita 1.6 zai ba ka faɗin santimita 133 da tsayi 75, wato inci 60 daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka auna bangonka da tef tukuna, domin a jirgin mita 10 da wuya ka samu fili mai faɗin nan babu ƙofa, babu agogo. Inci 40, wato santimita 89 da 50, ya fi kama da gaskiya, kuma daga mita ɗaya da rabi ba ƙarami ba ne.

Haske kuma, da lumen ake auna shi, lambar da aka haɗa da ANSI ko ISO, wato awon da aka yi bisa ƙa'ida, kaɗai za ka kula. Wanda aka rubuta masa lumen 9000 alhali bai fi gwangwani girma ba, talla ce. A cikin ɗaki da labule a sake, ANSI 200 ya isa inci 40 zuwa 60. A waje ka nemi 400 ko fiye, ka kuma jira duhu ya kankama. Dalili shi ne duk lokacin da ka ninka faɗin hoto, haskensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Lumen 300 a inci 60 ya bazu a murabba'in mita ɗaya ne, a inci 100 kuwa a kusan 2.8. Farin wata ma yana wanke hoto.

Haka ake wasa da lambar 1080p. Wasu suna karɓar fim mai 1080p amma abin da suke fitarwa 480p ne. Ka nemi ainihin adadin ɗigon hoton, kada ya gaza 720p, in ba haka ba rubutun fassara a ƙasan fim ba zai karantu ba.

Bangon katako mai sheƙi yana mayar da hoto ja-ja, yana kuma ƙyalli a tsakiya. Labule mai naɗewa, fari marar sheƙi mai toshe haske, a ɗaure sama da ƙasa, ya fi.

Tsohon_Matuƙi:

Zancen filafili, a hoto ne yake da kyau. Filafili an ɗinka shi da ciki don ya kama iska, ba shimfiɗaɗɗe ba ne, saboda haka tsakiyar hoto za ta fito, gefe ya dushe. Ga layukan ɗinki, ga sandunan da ke cikinsa, ga lambobi. Yadin kuma haske na ratsa shi, wani kaso ya tafi baya a banza. Babbar illar ita ce idan ka ɗaga shi alhali kana kan anka, iska kaɗan ta taso jirgin zai fara tafiya, ya yi dama ya yi hagu yana fizgar sarƙa, har ya iya tumɓuke ankar. Sai a daren da ko ganye ba ya motsi, shi ma da mutum a kusa da igiyar saukewa.

Abin da ke aiki shi ne allon da aka ɗinka don haka. Yadi mai toshe haske, mita 1.8 da mita 1, a naɗe bakinsa, a buga zobba a kusurwoyi huɗu da tsakiyar kowane gefe, a ja shi da igiyar roba. Jirgin da ke kan anka yawanci hancinsa na fuskantar iska, don haka wurin da ya fi lafawa shi ne bayan rumfar da ke kare ƙofar sauka ɗaki. In ka rataye shi a ƙarƙashin sandar kwance ta filafili, a tsawon jirgi, iska na bin gefensa yana kaɗawa kamar tuta.

Kada a raina iska. Allo mai murabba'in mita biyu da ke fuskantar iskar not 15 (gudun kusan kilomita 28 a awa) yana ɗaukar nauyin kusan kilo 9. Iskar ta ninka zuwa 30, nauyin ya ninka sau huɗu. A ɗaure shi da ƙullin da ja ɗaya ke kwancewa.

Sai gishiri, wanda shi ne ajalin majigi a teku. Fankarsa tana zuƙo iska mai laima ta bi ta kan allon lantarki duk tsawon fim. Majigai masu araha na fasahar LCD galibi hanyar haskensu a buɗe take, ƙura da gishiri na shiga su zama ɗigo a hoto. Na fasahar DLP mai rufaffiyar hanyar haske ya fi jurewa. Raɓa na sauka da wuri a kan ruwa, a ajiye shi ƙarƙashin rumfa. In an gama a bar shi ya huce, a goge jikinsa, a sa shi a akwatin roba mai rufewa ruf tare da ƙullin silika mai shan laima. Silikar idan ta ƙoshi a gasa ta a kusan digiri 120 na ma'aunin Celsius na awa biyu ta dawo aiki. Idon majigin kuma kada a goge shi a bushe, ƙwayar gishiri na karce gilashi. A hure, a sa ɗigon ruwa mai tsabta a ƙyalle mai laushi. Wanda aka bari a loka mai laima wata da watanni, fumfuna ce ke tsirowa a cikin gilashin.

Mai_Jigo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na haƙura da filafili. Saura fim ɗin kansa, tunda babu intanet a inda ake kwana. In na sauke a waya zan iya tura shi majigi? Sauti fa?

Ummu_Kamfas:

Nan mutane da yawa ke shan mamaki. Manhajojin biyan kuɗi irin su Netflix suna kulle fina-finansu, idan ka tura fuskar waya zuwa majigi ta iska sai ka ji sauti, allo baƙi ƙirin. Wani lokaci wayar HDMI na aiki, wani lokaci a'a, ya danganta da wayar hannun da tsarin da ka biya. Abin da aka sauke kuma yana da wa'adi, wani ma yakan mutu awa 48 bayan an fara kallo. Ka gwada tun kana tudu: sa wayar a yanayin jirgin sama, haɗa komai, ka kalli minti goma.

Mafi kwanciyar hankali fayil a filashi. Filashin da ke tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai ka mayar da shi exFAT idan majigin na karanta shi. In hoto ya fito babu sauti, ba lalacewa ba ce, majigin ne bai san sautin AC3 ko DTS ba. Ka juya fayil ɗin a kwamfuta zuwa MP4, hoto H.264, sauti AAC.

Sifikar cikin majigin fanka ma ta fi ta ƙara. Bluetooth na jinkirta sauti, baki ya motsa magana ta biyo baya. Haɗa sifikar waje da majigin ta wayar sauti mai bakin 3.5mm ya fi. Idan ƙugi ya taso saboda majigi da sifika na shan wuta daga batir ɗaya, ƙaramar na'urar raba layin sauti na kashe shi, ko ka bar sifikar a kan batirinta. A rage murya a waje, sauti na tafiya nesa a kan ruwa da dare, maƙwabta na barci.

Injiniya_Anka:

Ƙari kaɗan. A cikin sifika akwai mayen ƙarfe, a nisanta ta da kamfas aƙalla mita ɗaya. Kada a manta da kamfas na matuƙin atomatik, wanda galibi a ɓoye yake cikin loka ko ƙarƙashin kujera, daidai inda mutum zai jefa sifika.

Akwatunan ɗaga wuta masu araha suna watsa hayaniya da ke toshe rediyon jirgi na VHF da AIS, na'urar da ke nuna inda jirage suke. Gwajin ba wuya: ka buɗe rediyo a tashar da babu magana, ka juya maɓallin toshe shuu har ya yi shiru daidai gaɓa, sannan ka kunna majigi. In shuu ya dawo, ka maƙala zoben ferait mai rage hayaniyar lantarki a wayoyin shiga da fita, ko ka canza akwatin. Tasha ta 16 a rediyon, wadda ake kiran gaggawa a kai, da ƙararrawar jan anka su kasance inda za a ji su duk da fim.

Kuma kallo na kan anka ne ko a tashar jiragen ruwa. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon allo na ɗan lokaci ya rushe shi. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun wajabta tsaro da ido da kunne a doka ta 5, doka ta 20 kuma ta hana kunna hasken da za a ɗauka fitilar jirgi ne, ko wanda zai dusashe ta, ko ya hana mai tsaro gani. Farar fitilar anka da ake gani ta kowane gefe ta zauna a kunne, kada a kashe ta wai don hoto ya fito. A juya majigin yadda hasken da ya tsallake allo ba zai faɗa mashigar jirage ba.

Tsohon_Matuƙi:

In wurin kwanan na da igiyar ruwa mai jujjuya jirgi gefe da gefe, a fito da kallon waje. A cikin ɗaki ido na ganin allo a tsaye, kunne na jin ana lilo, nan da nan jiri da tashin zuciya su kama mutum, yara ma sun fi saurin kamuwa. Kusa da gaɓa kuma ƙwari na bin haske su shige fankar. Guntun gidan sauro a bakin ramin shan iska na tare su, amma a ɗaure shi sakwa-sakwa, a kuma taɓa jikin majigin bayan rabin awa a ji ko zafinsa ya ƙaru.