Malamai, ta ina zan ɓullo wa wannan lamari?

Assalamu alaikum. Shekarata 9 ina koyar da lissafi a wata kwalejin ilimi nan Sakkwato, ban taɓa shiga damuwa irin ta bana ba.

Da na miƙa sakamakon jarrabawar 'yan aji ɗaya, aka kira ni ofis, wai waɗanda suka faɗi sun yi yawa, in koma in ƙara musu maki. Na ɗauko takardun na nuna, yaro bai iya tara sulusi da rubu'i ba, kuma gobe shi za a ba alli a firamare. Buɗar bakin babban sai ya ce, ai ku mutanen lissafi kullum ku ne matsala. A gaban masinja!

Tun daga ranar takardar ƙarin girmata ke kwance. Mu huɗu ne a ofis ɗaya, fanka ta mutu tun zafin Afrilu, mun rubuta har mun gaji.

Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, in fara kai kuka reshen ƙungiyarmu ta malaman kwalejojin ilimi, wato COEASU, ko in rubuta wa hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi a Abuja? Ina da iyali, ina tsoron aikina, amma makin nan ba zan ƙara ba.